Daga Jaji Zuwa Duba-gari: Matan da Suka Kai Tsafta Bayan Zaure

Duk wanda ya taso a Tambuwal ko Kebbe ya san inda ƙafar baƙo take tsayawa. Namiji ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kawo masa ruwa, amma ba ya wuce nan. A wasu gidajen ma an rubuta "ba shiga" a jikin bango. Can bayan zauren kuwa akwai randar ruwan sha, da murhu, da wurin wanke-wanke, da salga a kusurwar gida, wato hanyoyin da amai da gudawa da taifot da shan inna suke bi su kama mutum. Shi ya sa tarihin tsafta a ƙasar nan yake yawan komawa ga tambaya guda: wa yake da izinin shiga? Kusan duk lokacin da aka sami amsar da ta yi aiki, mace ce ta shiga.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane haka tun kafin Turawa su iso. Ɗan'uwanta Muhammadu Buhari shi ne ya zauna a Tambuwal, ita kuwa tana tsakanin Sakkwato da Wurno. A wajen shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai mutunci a ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurinta su ɗauki karatu a waƙe, su koma da shi ga matan auren da ba sa fita. 'Yan Taru malaman addini ne, babu wanda ya ɗauke su aikin lafiya. Sai dai karatun addini a ƙasarmu da babin tsarki yake farawa: wane ruwa ne ya halatta a yi alwala da shi, yadda ake kawar da najasa, da hani ga yin bahaya a kan hanya ko a inuwar da mutane suke hutawa. An kuma san su da taimakon masu haihuwa da wankan gawa da sharar masallaci. Abin da Asma'u ta bari shi ne hanya: dattijuwar da gari ya yarda da ita tana iya kai magana har ƙuryar ɗaki.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, sun zo da tasu hanyar. A ƙarƙashin En'e aka samar da duba-gari, aka kuma buɗe makarantar horar da su a Kano a 1932. Aikinsu leƙa randa ko akwai tsutsar sauro, da duba kwata da salga, da kai mai laifi gaban alƙali a ci shi tara. Amma duba-gari namiji ne, gida kuma na kulle, masu gida da sarakuna ba su yarda a keta musu shi ba. Dole a wasu manyan biranen Arewa aka koma ɗaukar mata su riƙa shiga suna dubawa. A ganina an gyara rabin kuskuren ne kawai, domin matar ta shiga da tsoron tara a bayanta, kuma tsaftar da aka yi don tsoro ba ta wuce ranar da ake jiran mai dubawa. Haka ya sake faruwa a zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a na gwamnatin Buhari da Idiagbon daga 1984, lokacin da aka tilasta sharar gari wata-wata. Tituna da magudanan ruwa sun yi fes, salgar cikin gida tana nan yadda take.

Shan inna ce ta dawo da mu kan hanyar jaji. Ƙwayar cutar tana fita ne ta bahayar yaro ta shiga bakin wani yaron. Bayan tirjiyar da allurar rigakafi ta sha a 2003, hukumomi suka fahimci cewa baƙo da akwatin sanyi a ƙofar gida ba zai wadatar ba. Daga 2012 asusun UNICEF ya riƙa ɗaukar dubban mata 'yan unguwa a jihohin Arewa, har da Sakkwato, suna bi gida-gida, suna halartar suna, suna rubuta sababbin haihuwa, suna yi wa uwaye maganar rigakafi da wanke hannu da awon ciki. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. An yaba wa gwamnoni da sarakuna, kuma sun cancanta. Matan da suka sha rana da kora a ƙofofin gidaje kuwa, abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba.

Akwai wata ƙasa mai nisa da labarinta yake haska namu, wato Haiti, a yankin Karibiyan, wadda yawancin mutanenta jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka ne. Girgizar ƙasa ta rusa babban birninta a Janairun 2010. A watan Oktoba na shekarar kwalara ta ɓarke, bayan ƙazantar wani sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal ta malala cikin wani rafi mai zuba a kogin Artibonite, inda jama'a suke sha da wanka. Mutum fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu, kuma sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon ya nemi afuwa. Ƙazantar wuri guda ce ta jawo wannan duka.

Tun kafin annobar, a 2006, wasu mata biyu 'yan Amurka, Sasha Kramer da Sarah Brownell, tare da abokan aiki 'yan ƙasar, sun kafa ƙungiya mai suna SOIL a arewacin Haiti. Matsalar da suka tarar a birnin Cap-Haïtien ta yi kama da ta ƙauyukanmu na bakin fadama: ruwa yana kusa da doron ƙasa, idan aka haƙa rami damina ta cika shi ta amayar da abin da ke ciki. Ɗaya daga unguwannin da suka yi aiki sunanta Shada, abin da kunnen Bahaushe zai ji kamar shadda, ko da yake dacewa ce kawai. Sai suka bar ramin gaba ɗaya. Aka ƙera ban ɗaki na cikin gida mai bokiti a ƙasa, fitsari yana bin hanyarsa daban, wanda ya gama ya rufe da busasshen ɓawon rake ko na gyaɗa. Iyali suna biyan kuɗi kaɗan a wata, ma'aikata su zo duk mako su ɗauke bokitin a rufe su ajiye wankakke. A wajen gari ake tara abin, zafin ruɓewa ya kashe ƙwayoyin cuta, bayan watanni ya zama taki a sayar wa manoma. Tsarin bai game ƙasar ba, kuma yana dogara da tallafi. Kwalara ma ta dawo Haiti a 2022. Amma ya amsa buƙatar da matan ko'ina suka sani: wurin kewayawa a cikin gida, wanda yarinya ba sai ta jira duhu ta fita ba.

A namu ɓangaren, 2021 ta zo da annoba mafi muni cikin shekaru masu yawa. Hukumar NCDC ta ƙidaya mutum sama da 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, Sakkwato na cikin jihohin da abin ya shafa, kuma yara 'yan shekara 5 zuwa 14 suka fi yawa. Binciken gwamnati na wannan shekarar ya nuna 'yan Najeriya kimanin miliyan 48 suna bahaya a fili, duk da dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2019 mai burin kawar da al'adar zuwa 2025. Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da ita, a 2022.

Lissafin gwamnati yana ƙidaya salga ne, ba ya ganin abin da uwa take gani. Gida yana iya samun salga, amma a kwashe kashin jariri a watsa bayan danga saboda an ɗauka ba shi da illa, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba ko ma fiye. Wurinsa salga ne: a zuba shi daga fo, a wanke fo, a wanke hannu da sabulu, ko da toka idan babu. Yaro ɗan shekara uku yana tsoron faffaɗan baki da duhu, don haka idan bakin ramin ya yi girma zai ci gaba da tsugunawa a tsakar gida. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da mai tsohon ciki suna buƙatar abin dafawa. Waɗannan duka mata ne suka san su, amma ranar da za a haƙa ramin, maigida da magini ne kawai suke tsayawa a kai.

Ma'aunin da masana suke bayarwa shi ne a nisanta ramin daga rijiya da aƙalla mita 30, gindinsa ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina, a ɗaga bakinsa yadda ruwan sama ba zai kwarara ciki ba, a yi masa murfi saboda ƙuda, a ajiye buta da sabulu a ƙofarsa. Idan kuma wani a gida ya fara gudawa fara kamar ruwan shinkafa, a dama ƙunshin gishiri da sukari guda cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi tun a hanya, a kai shi asibiti mafi kusa a wannan sa'ar, domin kwalara tana iya ƙarar da ruwan jikin babba lafiyayye kafin gari ya waye.