Ihun Ɓarawo da Iyakar Haƙƙin Kamu a Jos

Duk wanda ya saba da kasuwar Taminus ko ta Farin Gada ya san yadda ihun "ɓarawo!" kan sa jama'a su zabura a guje. Wannan bin ba shisshigi ba ne, doka ce ta ba da dama. Tun 1960 kundin tsarin shari'ar laifuka na Arewa ya yarje wa mutumin gari ya yi kamu, kuma Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 ta nanata haka a sashe na 20: kowa na iya cafke wanda ya aikata laifi a gabansa. Jihar Filato ta yi tata dokar a 2018.

Sai dai damar da sharaɗi take tafe. Sashe na 23 na dokar 2015 ya wajabta a miƙa wanda aka kama ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. A nawa ganin, wannan sashe ne ƙashin bayan haƙƙin, domin kamu ba hukunci ba ne. Riƙon amana ne kafin hukuma ta karɓa. Masu kare dukan ɓarawo sukan fake da sashe na 33 na tsarin mulkin 1999, wanda ya halatta amfani da ƙarfi wajen kamu ko hana tserewa. Amma ƙarfin da ya zama dole kaɗai yake nufi, kuma wanda ya riga ya shiga hannu ai ba mai gudu ba ne.

A Jos lamarin ya fi nauyi. Tun rikicin Satumbar 2001 unguwanni suka rabu bisa addini, don haka gudun da aka fara kan wayar salula yana iya ƙetara iyakar da ba ta cikin taswira, ya koma faɗan jama'a da jama'a. Mafi yawan masu bin ma ba su ga satar ba, ihu kawai suka ji, alhali doka shaidar ido ko zato mai tushe take nema.

Koken 'yan sintiri na cewa sukan kai ɓarawo caji ofis da safe su gan shi a unguwa da yamma yana da ƙamshin gaskiya, amma beli ma haƙƙi ne. Ɗaukar doka a hannu kuwa haɗari ne: mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, tun farko 'yan sintiri ne suka tsare su bisa zato.