Ayarin da Ya Yi Fim ɗin Shehu Umar

Duk wanda ya taɓa kallon irin manyan fina-finan nan na Amurka ko Indiya a wayarsa, masu dodanni da aljanu da yaƙin takubba, ya san abin da ke biyo baya idan labari ya ƙare. Allo ya yi baƙi, sunaye su yi ta hawa sama kamar jerin tururuwa, har mintoci da dama. Yawancinmu nan muke kashewa, don kada caji ko data su tafi a banza. Amma waɗannan sunaye su ne mutanen da suka yi aikin: masu ɗinki, kafintoci, masu haske, masu kula da dawaki, masu dafa abinci. Jarumin da muke yabo mutum ɗaya ne cikin ɗaruruwa.

Mu ma Hausawa mun taɓa yin fim mai tsada irin wannan, na tafiya mai nisa da haɗari, wanda gwamnatin tarayya ta zuba wa kuɗi. Sunansa Shehu Umar, an gama shi a 1976. Saura ƙiris ya ɓace daga duniya tare da sunayen waɗanda suka yi shi.

Asalin labarin littafi ne. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Shehu Umar na wani malamin makaranta ɗan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Imam da Bello Kagara sun cika nasu da aljanu da abubuwan al'ajabi. Shi kuwa Ɓalewa ya ɗauko abin da tsofaffin zamaninsa suka gani da idonsu, wato cinikin bayi ta hanyar Sahara.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Umar yaro ne ɗan Kagara. Mijin mahaifiyarsa, Makau, bafade ne da 'yan hassada suka yi wa sharri har aka kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace yaron, ya faɗa hannun masu kamun bayi, aka kai shi Kano. Wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙasarsu, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Bayan shekaru masu yawa suka haɗu a ƙasar da yau ake kira Libiya, ta tsufa ta galabaita, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta binne ayarinsu, Umar ya tsira da ƙyar, ya zauna a Rauta yana karantarwa. Ɗalibansa ne suka tambaye shi asalinsa, shi ne yake ba su labari.

Marubucin ya zama Firayim Ministan Najeriya, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. Shekara guda bayan haka Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar littafin da Ingilishi. Daga nan sai mutum biyu suka mai da shi wasan kwaikwayo: Umaru Ladan, da Dexter Lyndersay, ɗan ƙasar Tirinidad da ya daɗe yana koyar da aikin dandamali a jami'o'in Najeriya. An buga wasan nasu a 1975. Abin lura ne cewa jikan mutanen da aka ƙetara da su teku yana cikin waɗanda suka ɗora labarin bayin Sahara a dandamali.

Lokacin kuwa kuɗin fetur ya shigo ƙasa kamar ruwan Agusta. Mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun sun ga rabonsu na wannan kuɗi da idonsu, domin a shekarun ne kamfanin Impresit na Italiya yake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978. A Legas kuma ana gina babban gidan wasa na ƙasa a Iganmu, ana shirin bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairun 1977, da hawan daba a Kaduna. Najeriya na son fim ɗin da za ta nuna wa baƙi a matsayin nata. Aka zaɓi Shehu Umar, aka damƙa aikin ga Adamu Halilu.

An haifi Adamu Halilu a Garkiɗa a 1936. Ya koyi aikin fim a Landan, ya dawo ya yi shekaru a sashen fina-finai na gwamnatin Jihar Arewa. Wannan sashe shi ke shirya fina-finan majigi, waɗanda mota ke yawo da su gari gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, a nuna wa jama'a yadda ake noman auduga ko riga-kafi. A nan ya ƙware, ya yi gajerun fina-finai masu yawa, ciki har da Mama Learns a Lesson na 1963. Saboda haka da aka ba shi Shehu Umar, ya riga ya san ƙauyukan Arewa, ya san yadda ake tara mutanen da ba su taɓa ganin kyamara ba a sa su yi abin da ake so.

Umaru Ladan, wanda ya rubuta wasan, shi ya fito a matsayin Shehu Umar. Cikin 'yan wasan akwai Mairiga Aliyu, Husaini Mohammed, Assad Yasin, Harira Kaciya, da Umaru Dembo. Masu karatun littattafan Hausa sun san Dembo ta wata ƙofa: shi ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi sararin samaniya, da kuma Wasannin Yara. Masu ɗaukar hoto su ne Yusuf Mohammed da Zakari Yusufu. An yi fim ɗin da Hausa, mai launi, tsawonsa minti 142.

Yana da kyau mai karatu na yau, wanda ke ɗaukar bidiyo da waya ya goge idan bai yi kyau ba, ya san abin da wannan ke nufi. A kan zaren fim mai faɗin milimita 35 ake ɗauka, hoto 24 a kowace daƙiƙa. Nadi ɗaya mai ƙafa 1,000 minti 11 kawai yake ɗauka. Fim mai minti 142 ya kusa kilomita huɗu na zare, ban da ninkin-ba-ninkin da aka ɗauka aka zubar. Kuma darakta ba ya ganin abin da ya ɗauka nan take. Sai an kai zaren ɗakin wanki an fito da shi. Idan ƙura ta shiga kyamara ko zafi ya taɓa zaren, ba za a sani ba sai bayan an watse. Ɗan wasa ya manta maganarsa, kuɗi ne suka ƙone. Akwai wanda aikinsa kawai ya loda zare cikin baƙar jaka da lalube, domin haske kaɗan ya isa ya lalata aikin yini guda.

Sai kuma abin da labarin kansa yake buƙata. Fadar sarki ta zamanin da, da dogarai da dawaki da kayansu. Kasuwar bayi. Ayarin raƙuma da masu jansu. Tufafin Larabawa da na Hausawan ƙarni na 19, ba agogo a hannun kowa, ba takalmin roba, ba kwanon rufi ko turken waya a bayan hoto. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin wani ne. Madinki ya ɗinka, baduku ya gyara sirdi, mai raƙumi ya durƙusar da dabbarsa sau biyar har darakta ya gamsu, wata mata ta tuƙa tuwon mutum ɗari. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to wannan jinkar hannaye masu yawa suka ɗaga ta.

Ɗan Bakura ko Maradun ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kan haka, domin ƙasarsu ce ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991. Kowa ya san muryarsa. Amma wanda ya saurari waƙarsa da kunnen basira ya san rabin daɗin yana bakin 'yan amshi, masu karɓe ɗa tun jagora bai dire ba su ƙarasa shi, da hannun masu kotso. Shi kansa ya daɗe yana Daudun Kiɗi a bayan yayansa Kurna kafin ya ja nasa ayari. Ana ma ba da labarin cewa laƙabin nasa ya samo asali ne daga wani mai zaƙin murya cikin mutanen mahaifinsa da ake kira Ƙwairo. Ke nan sunan da duk ƙasar Hausa ta sani yau, sunan ɗan amshi ne. An ci sa'a masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun bi makaɗan nan gida gida, sun rubuta tarihinsu da na mataimakansu. Masu aikin fim na farko ba su samu irin wannan gata da wuri ba.

Bayan FESTAC, Adamu Halilu ya yi Kanta of Kebbi a 1978, tare da gwamnatin Jihar Sakkwato, wadda a lokacin Mafara da Bakura da Maradun suna cikinta, tun da sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Ya kuma zama shugaban farko na Hukumar Fina-finai ta Najeriya. Amma kuɗin fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, darajar naira ta faɗi bayan 1986, zaren fim da wankinsa suka fi ƙarfin kowa. Abin da ya maye gurbi shi ne kaset ɗin bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, a 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa sana'ar suna Kannywood. A wannan zamani ne aka ga tatsuniya irin Daskin da Riɗi ta zama fim a hannun kamfanin Sarauniya, da kuɗin aljihu da dabarar 'yan gida. Halilu ya rasu a 2001. Matasan da suka tashi da kaset, akasarinsu ba su taɓa ganin babban aikinsa ba, wasu ma ba su san an yi ba.

Shi kuwa fim ɗin yana kwance cikin gwangwanaye. Zaren fim abu ne mai mutuwa. Zafi da laima suna sa shi ya fara ruɓewa, ya riƙa tashin tsami, ya ƙanƙance, launinsa ya koɗe, daga ƙarshe ya manne ya zama dunƙule. Shekaru da dama ana ɗaukar Shehu Umar ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa cikin ajiyar Hukumar Fina-finai, bayan wani mai shirya fim kuma mai sharhi, Didi Cheeka, da abokansa na Legas sun matsa sai an buɗe tsofaffin ɗakunan da aka jibge gwangwanayen. Cibiyar Arsenal ta birnin Balin ta gyara shi ta mai da shi na kwamfuta, da tallafin ofishin jakadancin Jamus. A Fabrairun 2018 aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin, shekara 42 bayan gama shi. Daga wannan haɗin gwiwa ne Jami'ar Jos ta buɗe karatun digiri na biyu a kan adana fina-finai.

Abin farin ciki ne, amma akwai abin kunya a ciki. Labarin da Firayim Ministanmu ya rubuta, wanda kuɗin ƙasarmu ya mai da fim, da harshenmu, sai da baƙi suka sa hannu kafin ya tsira. Kuma haɗarin bai wuce ba. Fina-finan Kannywood na shekarun 1990 suna kan kaset ɗin da ke cin ƙura a shagunan da suka koma sayar da waya. Na yau suna cikin kwamfutar wani edita, ranar da ta lalace shi ke nan. Mutanen da suka riƙe haske da makirufo a waɗancan fina-finai da yawansu suna raye, sun tsufa, ba wanda ya tambaye su komai.

Wannan aiki ba sai da gwamnati ba. Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita tana ɗaukar murya. Idan a unguwarku akwai tsohon da ya yi aikin majigi, ko ya yi wasa a ƙungiyar dirama ta gari, ko ya yi amshi a bayan wani makaɗi, ka je ka gaishe shi, ka zauna, ka tambaye shi su wa suka yi aiki tare, a ina, wace shekara. Ka rubuta sunayen daidai. Idan kuma Allah ya sa ka samu ganin Shehu Umar, ka daure ka tsaya har sunaye su gama wucewa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu, ya ba masu rai lafiya.