330,712

330,712 (dubu ɗari uku da talatin da ɗari bakwai da goma sha biyu) lamba ce cika, kuma ita ce yawan mutanen ƙaramar hukumar Lafia a jihar Nasarawa, bisa ƙidayar 2006.

Tana fitowa daga 2 × 2 × 2 × 67 × 617. Su 67 da 617 ɗin ba abin da ke raba su sai 1 da kansu. Lambobi 16 ne ke raba ta ba saura. Idan aka cire ita kanta, jimillar sauran 299,648 ce, wato ba ta kai ta ba, shi ya sa masana lissafi ke sa ta cikin lambobi masu gibi. Kaɗan ya hana ta zama murabba'i, domin 575 sau 575 ya ba da 330,625, tazarar 87 kacal.