Naitirojin kashin aladu a gonaki: iyakar abin da alƙaluman ƙasa za su iya tabbatarwa

Akwai ra'ayin da ya samu karɓuwa tsakanin masu nazarin ƙasar noma, cewa ana iya jera yankunan duniya bisa yawan naitirojin da suke zuba wa gonaki ta kashin aladu, a kuma bi sawun hawa da saukarsa tun daga 1961, ta dogaro da rumbun alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Naitirojin shi ne sinadarin da shuka ta fi buƙata don yin ganye, amma idan ya wuce abin da saiwa za ta sha, sai ya zama naitiret, ya zurara cikin rijiyoyi da koguna. Wannan ne ya sa dokar Tarayyar Turai ta 1991 ta ƙayyade kilo 170 na naitirojin takin dabbobi a kowace hekta a shekara, a yankunan da ruwansu ke cikin haɗarin gurɓata. Matsayar wannan maƙala ita ce an ɗora wa waɗannan alƙaluma nauyin da ba za su iya ɗauka ba.

Ba a gona aka auno su ba. Ana ɗaukar adadin aladun da ƙasa ta bayar, a ninka shi da wani ƙayyadadden ƙiyasi na abin da alade ɗaya ke fitarwa, wanda kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar ya tsara wa kowace nahiya a 2006, sannan a cire kason asara, shi ma ƙayyadadde. Saboda haka layin da ake gani yana hawa ko sauka a zane, a haƙiƙa layin ƙidayar aladu ne da aka sauya wa suna. Alhali kuwa aladen Denmak na yau ba irin abincin na 1985 yake ci ba: tun bayan shirin ƙasar na kare ruwa na 1987 an rage furotin a abincinsa, ana cike giɓin da sinadaran da ake haɗawa a masana'anta, ana kuma sauya haɗin gwargwadon girman dabba, abin da ya rage naitirojin da ke fita kan kowane kilo na nama. Ƙiyasin da bai motsa ba tsawon shekaru ba shi da hanyar ganin wannan canji.

Batun ajiyar kashin ya fi wannan tsanani. A jihar Karolina ta Arewa, inda aladu suka kai kusan miliyan 10 a 1997, ana kora kashin da ruwa zuwa buɗaɗɗun kududdufai, inda fiye da rabin naitirojin ke tashi sama, wani a matsayin amoniya, iskar nan mai hawa kai, kafin a fesa ragowar a filayen ciyawa. A jihar Ayowa kuwa rami ne a ƙarƙashin ɗakin aladun, kuma bayan girbin masara ake cusa takin cikin ƙasa da injin mai haƙora, don haka mafi yawansa na isa ga saiwa. Jihohin biyu suna cikin layi ɗaya mai suna Amurka.

Mai kare wancan ra'ayi zai ce, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce, babu wani rumbu da ya game dukkan ƙasashe na tsawon shekara sittin in ban da wannan, kuma tunda hanya ɗaya aka bi a ko'ina, kuskuren da ke ciki iri ɗaya ne, ba zai ɓata kwatanci ba. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu ne ake jayayya a kansa, domin kuskuren yana bin tsarin kiwo ne, tsarin kiwo kuwa shi ne ainihin abin da ya bambanta yanki da yanki, da kuma zamani da zamani. Ƙasar Sin, wadda ke da kusan rabin aladun duniya, ta tashi daga kiwon bayan gida, inda kashin ke komawa gonar mai shi, zuwa manyan gidajen kiwo waɗanda sau da yawa ba su da isasshen fili kusa da su, kuma da wuya a yarda cewa kason asara ɗaya ya dace da zamunnan biyu. Mai kare ra'ayin zai iya ƙara cewa raba jimilla da faɗin gonakin ƙasa yana daidaita lamarin. A nan ma Faransa ta isa misali: fiye da rabin aladunta suna yankin Biritani, wanda bai kai kashi goma cikin ɗari na faɗin ƙasar ba, kuma a can ne gansakukar teku da naitiret ke ciyarwa take taruwa a gaɓa tana ruɓewa, har iskarta ta kashe doki a Saint-Michel-en-Grève a 2009. Matsakaicin Faransa bai taɓa nuna alamar wannan ba, don taki mai ruwa yana da nauyi, jigilarsa da tsada, ba ya nisa da inda aka samar da shi.

Sai dai adalci ya tilasta a taƙaita da'awar wannan maƙala. Inda ƙidayar dabbobi ta yi babban motsi cikin ɗan lokaci, kamar faɗuwar garken Sin a 2019 bayan ɓullar zazzaɓin aladu na Afirka a watan Agustan 2018, alƙaluman na nuna alkibla daidai, domin cikin shekara guda abinci da ajiya ba su canza sosai ba. Abin da ba su isa su yi ba shi ne tantance wace gona ce ta karɓi nawa, ko kwatanta 1970 da 2020 a ma'auni ɗaya. Wannan aiki yana buƙatar bayanai na gunduma-gunduma, irin lissafin takin da manoman Denmak ke miƙa wa hukuma duk shekara, kuma ƙasashen da ke da irinsa kaɗan ne ƙwarai.