Bayyana Kai da Laƙabin Jinsi a Wasannin Talabijin na Amurka da Birtaniya

A wasannin kwaikwayo masu dogon zango na Amurka da Birtaniya, bayyana kai, wato lokacin da mai sha'awar jinsinsa yake faɗa wa iyaye ko abokai abin da ya daɗe yana ɓoyewa, ya zama fage mai tsayayyen fasali, kuma akwai hujjar cewa buƙatar talabijin ce ta ƙera wannan fasali fiye da yadda rayuwa ta ƙera shi. Shiri mai zuwa mako-mako yana buƙatar ƙololuwa, ita kuwa kalma guda da aka furta a gaban shaidu tana biyan wannan buƙata cikin arha.

Misali mafi shahara shi ne kashin shirin Ellen da tashar ABC ta nuna ranar 30 ga Afrilu, 1997, wanda kimanin mutum miliyan 42 suka kalla. A filin jirgin sama, jarumar da Ellen DeGeneres ta fito a matsayinta ta sunkuya don ta faɗa wa mace guda ɗaya sirrinta, ba ta ankara ba ashe bakinta na kan makirufon sanarwa, sai maganar ta karaɗe zauren matafiya. An shirya fagen don ban dariya, amma ya tona yadda tsarin yake, domin a talabijin ba a yin sirri tsakanin mutum biyu sai da taron jama'a a gefe. Wasu kamfanoni sun janye tallansu daga kashin, wata tasha a Birmingham ta jihar Alabama ta ƙi nuna shi, sannan aka dakatar da shirin a 1998.

Masana sun riga talabijin gano bakin zaren. Michel Foucault, masanin falsafa na Faransa, ya nuna a 1976 cewa likitocin Turai na ƙarni na 19 ne suka mayar da neman jinsi ɗaya daga aikin da mutum ke aikatawa zuwa nau'in mutum mai suna, yayin da Eve Kosofsky Sedgwick ta ƙara a 1990 cewa ɓoyewa da bayyanawa ba sa ƙarewa a zama ɗaya, tunda kowane sabon maƙwabci ko shugaban wurin aiki yana sake buɗe batun. Wannan maimaici mai gajiyarwa ne wasan kwaikwayo ya fi tsallakewa, saboda ba ya riƙe mai kallo.

Sabbin shirye-shirye sun yawaita laƙabobin jinsi, wato sunayen da mutane ke bayyana sha'awarsu da su, ba tare da sun taɓa fasalin ba. A Heartstopper, wanda Netflix ya fara nunawa a 2022, ɗalibi Nick Nelson ya yi ta laluben intanet kafin ya tsaya a kan cewa yana sha'awar maza da mata duka biyu, sannan ya zauna da mahaifiyarsa ya faɗa mata a kashin ƙarshe na zangon farko, daidai gurbin da marubuta ke ajiye abu mafi nauyi. Ko da yake shirin ya nanata cewa ba a tilasta wa kowa bayyana kansa, wasu masu kallo, da suka saba ganin labari yana ƙarewa da suna, sun matsa wa Kit Connor, ɗan wasan da ya fito a matsayin Nick, har ya bayyana nasa laƙabin a Twitter a ƙarshen Oktoban 2022, yana ɗan shekara 18, tare da cewa tilasta masa aka yi.