Sai Masu Gida: Yadda Kano Pillars Ta Tsiro Daga Filayen 'Yan Dagaji

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos bayan an gama kaka ya san abin da ake gani da la'asar sakaliya. Da mota ta saki titin Zariya a Kwanar Dangora ta miƙa Tudun Wada, kafin a shiga dajin Falgore a ɓulla Doguwa, da wuya a wuce gari uku ba a ga ƙura ta tashi a filin firamare ba. Samari ne ke buga tamaula, wasu da takalmi wasu ƙafa a ƙasa, an kafa turaku biyu an gicciya gora, ta zama raga. Ka tsaya ka tambayi yaron da ya fi kowa gudu inda yake son ƙwallo ta kai shi, zai ce maka Turai. Ka ce masa kafin Turai fa? Zai ce Pillars.

Abin da yawancin yaran nan ba su sani ba shi ne, ita kanta Kano Pillars daga irin ajinsu ta fito. Ƙungiyoyin 'yan dagaji uku aka haɗa aka same ta, kuma ɗaya daga cikinsu ta ma'aikatan ruwa ce, waɗanda aikinsu ke da alaƙa da wannan yanki namu na kudancin Kano.

Kafin a haifi Pillars

Ƙwallo ta daɗe da zama 'yar gida a Kano. A shekarar 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wadda daga baya ta koma Kofin Ƙalubale, kuma shekaru takwas na farko ƙungiyoyin Legas ne ke karɓe-karɓensa a tsakaninsu. A 1953 tawagar Kano ta doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1, kofin ya bar bakin teku a karo na farko ya hau jirgin ƙasa zuwa Arewa. Da shekara ta zagayo Kano ta sake kai wa wasan ƙarshe, Kalaba ta ƙwace.

Bayan an kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, wadda ta ɗauki tutar Kano ita ce Raccah Rovers. A 1978 ta zama zakaran Najeriya, a lokacin da Rangers ta Inugu da Shooting Stars ta Ibadan ke cin karensu babu babbaka. A wannan shekarar ce kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele da kansa yana cikin fili. Dattawan da suka ga wannan zamani har yau ba su gaji da ba da labarinsa ba. Sai dai Raccah ba ta ɗore ba. Kafin shekarun 1980 su ƙare tauraruwarta ta dushe.

A ƙarƙashin manyan ƙungiyoyi kuwa akwai wata duniya da jaridun Legas ba su cika waiwaya ba, wato ƙungiyoyin ma'aikatu da kamfanoni da unguwanni masu buga gasar jiha da ƙananan rukunai. Tsarinsu ba wuya. Ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa na cikin takardar albashi a matsayin direba ko akawu ko masinja. Da safe ya leƙa ofis, da yamma ya ɗaura takalmi. Idan ƙafa ta gaji, aikin na nan yana jiransa. Shi ba ƙwararre ba, shi ba mai wasan banza ba, kuma a wannan tsakiyar ne Kano ta riƙa renon 'yan wasanta.

Haɗuwar uku a 1990

A 1990 Najeriya ta shiga tsarin ƙwallon ƙwararru, inda ɗan wasa zai sa hannu a yarjejeniya, tamaula ta zama ita ce sana'arsa. Ƙungiyoyi 16 aka shirya farawa da su, aka buɗe gasar a filin Onikan da ke Legas cikin watan Mayu. Kano, wadda a lokacin har da ƙasar Jigawa ta yau a cikinta, ba ta da ƙungiya ɗaya mai ƙarfin aljihu da yawan 'yan wasan da za ta iya shiga ita kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai aka haɗa WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, aka raɗa wa jaririyar suna Kano Pillars, ma'ana ginshiƙan Kano. Wanda ya tsaya tsayin daka a kan wannan aiki shi ne Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa daga 2002 zuwa 2006. Gwamnatin jiha, ta mulkin soja a ƙarƙashin Kanar Idris Garba, ita ta ɗauki nauyi, kuma har gobe ƙungiyar mallakin gwamnatin Kano ce.

Yana da kyau a dubi iyayen nan uku. WRECA hukuma ce ta gina madatsun ruwa da kula da su, kuma babbar madatsar jihar, wato Tiga, wadda aka yi tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Audu Baƙo, a ƙasar Bebeji take. Bank of the North banki ne na jihohin Arewa mai hedikwata a Kano, wanda daga baya ya narke cikin Unity Bank. Golden Stars kuwa ta 'yan gari ce. Ma'aikacin gwamnati da ma'aikacin banki da ɗan unguwa, su suka sa riga ɗaya. Wataƙila shi ya sa tun daga farko babu wani ɓangaren gari da ya ɗauki ƙungiyar a matsayin ta wasu.

Ba ta yi rarrafe mai tsawo ba. A 1991, tana da shekara ɗaya, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta 3 da 2. Daga nan aka shiga shekarun faɗi-tashi, yau daɗi gobe ɗaci, babu kofi. Magoya baya dai ba su watse ba, kirarin "Sai Masu Gida" ma sai ƙara kama baki yake yi.

Shekarun zinariya

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da na kofin Afirka a 2000, shi ya zama gidan da kirarin ke nufi. Daga 2003 har zuwa Agustan 2015, wasa 202 na lig, babu baƙon da ya ci Pillars a gidanta. Nasarawa United ce ta karya wannan lago da ci 2 da 1. Yaron da aka haifa a farkon wannan zango sai da ya shiga sakandare kafin ya ji an ce an ci Pillars a gida a wasan lig.

Kofin lig na farko ya zo a 2008, a hannun koci Kadiri Ikhana, shekara talatin cif bayan na Raccah. Sai 2009, shekarar da magoya baya ba za su manta ba. A gasar zakarun Afirka aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin. Aka yi kunnen doki 1 da 1 a gida, kowa ya ce an gama. Aka je Alƙahira aka tashi 2 da 2, ƙwallayen waje suka fitar da Al Ahly. A zagayen rukuni Pillars ta zo ta ɗaya a gaban Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya. Wadda ta tare mata hanya a wasan kusa da na ƙarshe 'yar gida ce, Heartland ta Owerri, da ci 5 da nema a wasanni biyu.

A kakar da ta biyo baya wani siririn yaro ɗan Jos, Ahmed Musa, ya zura ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar. Daga Kano ya wuce Holan, ya je Rasha, ya je Ingila, ya ci wa Najeriya ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya ta 2014 da 2018. Kafin shi Sani Kaita ya bi wannan hanya a 2005. Bayansa Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato ya bi.

Sai kuma kofi uku a jere: 2012 da 2013 a hannun Muhammad Babaganaru, 2014 a hannun Okey Emordi. Gambo Muhammad na gaba yana ci, Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele, na tsakiya yana rarraba ƙwallo. A waɗancan shekaru ranar Lahadi motocin haya daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada kan cika da samari tun hantsi, a je a yi layin tikiti, a dawo bayan isha'i murya ta dushe. Wanda bai samu kuɗin mota ba ya rungumi rediyo.

Jarrabawa

Ba kullum ake kwana a gado ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, ana tafiya Owerri wasan farkon kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni. A 2018, a wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a Asaba, Pillars na gaba da ci 3 da nema, Rangers ta farke duka, ta ɗauki kofin a bugun fenareti. Wannan dare mutane da yawa ba su ci tuwo ba. Allah da ikonSa, a Yulin 2019 a filin Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka tashi babu ci da Niger Tornadoes, Pillars ta ɗauki kofin a bugun fenareti 4 da 3, Ibrahim Musa Jugunu yana koci. Shekara 66 ke nan rabon Kano da wannan kofi.

Babbar faɗuwa ta zo a 2022. Rikicin 'yan kallo a wasa da Katsina United da kuma taɓa alƙalin wasa a wata karawar suka jawo zaftare maki, ga kuma yawan buga wasannin gida a wajen Kano. Ƙarshen kaka, bayan fiye da shekara ashirin a babban aji, Pillars ta gangara rukuni na biyu tare da Katsina United da Heartland da MFM. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: soyayyar da ta hana baƙo cin wasa a Ƙofar Mata, ita ce da ta rasa linzami ta taimaka wajen kayar da ƙungiyar. Kaka ɗaya ta yi a ƙasa, ta dawo a 2023. Ahmed Musa, wanda ya taɓa dawowa na ɗan lokaci a 2021, ya sake sa rigar a 2024, a 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manaja. A wannan shekarar Barau FC ta hau babban aji, Kano ta samu ƙungiya ta biyu a firimiya.

Ginshiƙi da tushensa

Tsanin ƙwallon Najeriya hawa-hawa ne: firimiya a sama, rukuni na biyu a ƙarƙashinta, sai gasar 'yan dagaji ta ƙasa, sai gasannin jiha da hukumar ƙwallo ta kowace jiha ke gudanarwa. A takarda, ƙungiya daga Riruwai za ta iya hawa wannan tsani mataki-mataki har ta karɓi baƙuncin Enyimba. A zahiri kuwa, matakan ƙasa sun fi yawa a cikin birni da kewayensa. Ƙungiyar da ke Doguwa, kafin ta buga wasa ɗaya a Kano, sai ta haɗa kuɗin mota na tafiyar awanni, ga rajista, ga riguna, ga abinci, duk daga aljihun koci da karo-karon 'yan kasuwa da manoman masara da rake.

Ma'aikatu da bankunan da suka reni iyayen Pillars sun daina riƙe ƙungiyoyi. Abin da ya maye gurbinsu a karkara shi ne kofin Sallah da kofin ɗan siyasa. Ba a raina su ba, don suna tara jama'a, suna raba samari da zaman banza. Amma gasar da ke zuwa da zaɓe tana tafiya da zaɓe. Ba teburin maki da za a ajiye, ba hawa ba sauka, ba mai rubuta sunan yaron da ya fi cin ƙwallo. Ga gidajen kallo sun cika da masu musu a kan Arsenal da Barcelona, alhali filin da ke bayan gidan kallon babu ko raga.

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma da kuɗin dukansu ake biyan albashin Pillars. Bai kamata idon masu neman 'yan wasa ya tsaya a Ƙofar Mata da Sabon Gari ba. Abin da kudancin Kano ke buƙata ba gagarumi ba ne: gasar shiyya mai jadawali tsayayye, wadda za a fara bayan girbi a gama kafin damina, a tsakanin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, zakaranta ya samu gurbi a gasar jiha, kowace ƙaramar hukuma kuma ta share fili ɗaya ta kewaye shi. Hukumar ƙwallo ta jiha ta ba da alƙalai, Pillars ta turo masu duba yara, attajiran yankin su ɗauki nauyin mota da riguna ba tare da jiran kakar zaɓe ba.

Waɗanda suka zauna a 1990 suka haɗa ƙungiyoyi uku sun samu abin haɗawa ne saboda wasu sun riga sun shuka. Kofin lig huɗu da Kofin Ƙalubale ɗaya duk daga wannan shuka aka girbe su. Shugabannin ƙananan hukumominmu da masu hannu da shuni na wannan yanki, yaran suna nan a filin firamare kullum da la'asar. A je a gan su.