Shin Umayya Bawa Ne? Sake Duba Nasabar Banu Umayya

An daɗe ana yaɗa cewa Umayya, kakan gidan da ya riƙe halifanci daga 661 zuwa 750, ba ɗan cikin Abdu Shamsu ba ne, wai bawa ne Barume da ya ɗauka ya mai da shi ɗa. Al-Majlisi ya kawo zancen a Biharul Anwar, ya jingina shi ga Kamilul Baha'i na ƙarni na 13. A ganina ƙafar wannan ra'ayi ba ta taka ƙasa ba.

Salsalar da aka sani, Umayya ɗan Abdu Shamsu ɗan Abdu Manafi, ita ce a wurin Ibnul Kalbi da Zubairi da Balazuri. Dukkansu kuwa a zamanin Abbasiyawa suka yi rubutu, gidan da ya karkashe Banu Umayya har ya tone kaburburansu a Dimashƙu. Da akwai wannan tabo, da wuya a bar shi a ɓoye.

Madogarar masu ra'ayin mafi ƙarfi ita ce wasiƙar Sayyidina Ali ga Mu'awiya a Nahjul Balaga, inda ya bambanta ɗan asali da wanda aka liƙa. Suka ce ai gori ne kan nasaba. To amma a wasiƙar nan dai Ali ya fara amsa cewa su duka zuriyar Abdu Manafi ne, sannan ya fifita Hashim kan Umayya, Abdul Muɗɗalibi kan Harbu, Abu Ɗalibi kan Abu Sufyan. Wanda ya yarda da kaka ɗaya, ta yaya zai juya ya kori abokin gardamarsa daga dangi? Ibnu Abil Hadid, mai sharhin Nahjul Balaga, wanda ba a zarginsa da son Mu'awiya, ya ce ana nufin tsarkin shiga Musulunci ne. Haka a Buhari, da Usman, wanda shi ma ɗan Banu Umayya ne, ya tambayi Annabi (SAW) kan rabon humusin Haibar yana kafa hujja da kusancin dangi, ba a musa masa kusancin ba.

Ba na cewa nasabar gidan duk ta kuɓuta. Akwai ruwayoyi na da da ke cewa Abu Amru, kakan Uƙba ɗan Abu Mu'aiɗ, bawan Umayya ne mai suna Zakwan da aka mai da shi ɗa. Mai yiwuwa daga nan zancen ya hau sama zuwa ga Umayya kansa. Iyakar abin da hujja ta ɗauka shi ne shakka kan reshe guda, ba ta kai ga tushen gidan ba.